Harafi Ɗaya da Ya Kai Ni Brussels

Ranar Juma'a, 2 ga Fabrairun 2024, bayan an sauko daga masallaci, na hau jirgin ƙasa daga Aachen, garin da nake karatu a yammacin Jamus, na nufi Brussels, babban birnin Beljiyam. A jakata akwai kwamfutata da rigar sanyi da wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango, wanda na jera abubuwa shida a shafinsa na farko, kowanne da lambarsa. Waɗannan abubuwa shida su ne dalilin tafiyar. Kowannensu kuskure ne, ko kuma abin da na ɗauka kuskure ne, a cikin takardar da ke koya wa mutum yadda zai girka wani kwampaila a kwamfutarsa, kuma mafi girmansu bai wuce layi biyu ba.

Ga wanda bai saba da sana'ar ba, kwampaila manhaja ce mai aikin tafinta. Mutum yana rubuta shirinsa da harshen da ɗan Adam zai iya karantawa, ita kuma ta juya shi zuwa umarnin da injin kwamfuta yake ganewa. Wanda nake magana a kansa na wani ƙaramin harshe ne da masu amfani da shi ba su da yawa, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin 'yan sa-kai ne suke riƙe da shi ba tare da ana biyansu ko sisi ba, sun kuma riga sun gyara abin da na kai musu. Abin da ya kamata a sani shi ne ba shi kaɗai yake tsaye ba, a kan GCC aka ɗora shi. GCC kuwa ita ce babbar tafintar da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987 domin harshen C, wadda daga baya ta haɗa harsuna da yawa har aka sauya ma'anar sunanta a 1999 domin ya nuna cewa tari ce, ba guda ba. An tsara ta yadda kowane harshe yake da nasa sashen gaba mai fahimtar nahawunsa, amma dukkansu suna tarayya a sashen baya mai fitar da umarnin inji. Saboda haka wanda ya ƙirƙiri sabon harshe zai iya rubuta sashen gaba kawai, ya jingina sauran aikin ga GCC. Sai dai mai son amfani da irin wannan harshe dole ne ya sauko da tushen rubutun GCC gaba ɗaya, ya zuba sashen harshen a ciki, sannan ya gina komai da hannunsa. A nan ne takardar girkawa take zama ita ce hanya, babu wata.

Ba ni ne na gano kurakuran ba. Ƙanena ne, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta a gida, ya ci karo da su a watan Disamba, lokacin da na ba shi shawarar ya gwada harshen domin aikin kammala karatunsa. Ya sayi data ya sauko da ƙunshin GCC, wanda ya haura megabayit 80 tun yana matse, ya bi takardar layi bayan layi kamar yadda ɗalibin kirki yake bin allonsa. Kwamfutarsa tsohuwa ce, gini ɗaya yana cinye masa dare guda, kuma sau biyu aka ɗauke wuta batirin ya mutu kafin a kai ƙarshe. A dare na uku ginin ya kammala lafiya, ba tare da wata alamar matsala ba, amma da ya nemi kwampailan harshen sai ya tarar babu shi. Ya kira ni da safe, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Yaya, ina ga wannan abin ya fi ƙarfina, wataƙila ni ne ban iya ba." Wannan magana ce ta tsaya mini a rai, domin na san shi, na san bai tsallake ko layi ɗaya ba. Na zauna na bi takardar da kaina a kan sabuwar kwamfutar gwaji, na kuma faɗa duk ramin da ya faɗa. Na rubuta wa dattijon da ke kula da harshen, ya amsa da cewa zai je FOSDEM, taron shekara-shekara na masu rubuta manhaja, a Brussels, in ina kusa in zo mu zauna.

Daga Aachen zuwa Brussels tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma jirgi bai daɗe da tashi ba ya tsallaka iyaka ba tare da kowa ya tambayi takarda ba. Tasha ta farko ita ce Liège-Guillemins, mai farin rufin ƙarfe da gilashi wanda ya lanƙwasa a kan layukan dogo kamar an kifa ƙwarya, aikin maginin Sifaniya Santiago Calatrava da aka buɗe a 2009. Mutanen Aachen suna kiran wannan gari Lüttich, mazaunansa suna ce masa Liège, masu harshen Holanci kuma suna ce masa Luik. Haka ma Aachen ɗin, Faransawa suna kiransa Aix-la-Chapelle, 'yan Holan suna kiransa Aken. Wani abokina da zan sauka a wurinsa ya rubuto mini cewa in sauka a Gare du Midi, amma abin da tikitina ya nuna shi ne Bruxelles-Midi, allon tashar kuma ya ƙara da Brussel-Zuid. Duk wuri ɗaya ne, kuma ɗan gari ba ya ma lura cewa sunayen uku ne. Wata mata mai jan akwati ta tsaya a ƙofar jirgin a tashar arewa tana tambayar mutane ko nan ne za ta sauka, takarda a hannunta, fuskarta cike da shakka. Na dube ta na tuna da abu na uku a littafina, domin shi ma rikicin suna ne, zan kuma zo kansa.

Washegari da safe na shiga bas mai lamba 71 daga tsakiyar gari. Ta bi ta Porte de Namur, kusa da unguwar Matongé inda 'yan Kwango suke da shaguna, ta gangara dandalin Flagey, kuma a kowace tasha sai ƙarin mutane masu jakar baya su cuso kai har numfashi ya yi wuya. Ba sai an gaya wa mutum inda za su ba. A harabar Solbosch ta jami'ar ULB, inda ake taron, bas ɗin ta kusa zama fanko a lokaci guda.

An fara taron FOSDEM a 2001, ana kuma yin sa a ƙarshen mako na farkon Fabrairu ko dab da shi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, 'yan sa-kai ne suke gudanar da shi, kuma dubban masu rubuta manhajar da kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa suke haɗuwa a cikinsa. Akwai babban zauren Janson inda ake manyan jawabai, akwai kuma azuzuwa masu yawa da aka raba wa ƙungiyoyi, kowace da nata fanni. A wannan shekarar har masu GCC an ware wa nasu ɗaki. Idan aji ya cika sai a liƙa takarda a ƙofa, mutane su yi layi a baranda suna jiran wani ya fito. A irin wannan baranda muka yi alƙawari da dattijon. Na gane shi da farar gemunsa da tsohuwar kwamfutar da ya rungume, wadda aka lulluɓe bayanta da lambobin liƙi har ba a ganin asalin launinta. Muka gaisa, ya tambayi hanya, sannan ya ce mu nemi inda akwai soket. Mun same shi a ƙarshen wani lungu kusa da matakala, muka zauna a ƙasa muka jingina da bango, mutane suna tsallake ƙafafunmu.

Na miƙa masa littafin, amma bai karɓa ba. Ya ce kada in gaya masa komai tukuna. Ya buɗe sabon akwatin gwaji, wato keɓaɓɓen wurin gwaji a cikin kwamfutarsa, mai ɗauke da Debian 12 tsirara, ɗaya daga nau'o'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ba a taɓa saka mata komai ba, ya buɗe takardar girkawar a gefe, ya ce shi zai riƙa kwafo umarnin yadda aka rubuta su, ba zai yi amfani da abin da ya sani a ka ba, ni kuma in sa ido in tsayar da shi duk lokacin da hannunsa ya riga idonsa. Sau uku na tsayar da shi a cikin minti goma na farko, domin yatsunsa suna rubuta daidai alhali takardar ta faɗi wani abu dabam. Ya gaya mini cewa shekaru da yawa ke nan bai karanta wannan shafi ba, saboda yana da ɗan rubutun umarni nasa da ke yi masa ginin da taɓawa ɗaya, kuma duk abin da ginin ke bukata yana cikin kwamfutarsa tun tuni. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wannan ɗakin ta ƙofar baƙi yake yoyo, mai shi kuwa ya daɗe da daina bi ta nan.

Abu na farko ya bayyana tun kafin a je ko'ina. A shafin intanet an rubuta zaɓin da ke nuna inda za a ajiye kwampailan, wato --prefix, amma karan ɗori biyun da ke gabansa sun haɗe sun zama dogon kara guda. Ido ba ya saurin rabe su, musamman a ƙaramin allo, amma ga kwamfuta haruffa ne mabambanta. Da ya kwafo layin ya liƙa, sai shirin configure, wanda ke share fage kafin a fara ginin, ya tsaya nan take yana cewa sunan da aka ba shi ba ingantacce ba ne, domin da bai ga karan ɗori biyu ba sai ya ɗauka ana so ne a sa wa wani ma'aji suna. Dattijon ya buɗe asalin takardar, wadda aka rubuta da Texinfo, tsarin rubutun da ayyukan GNU, gidan da GCC ta fito daga cikinsa, suke amfani da shi, ya nuna mini musabbabin. A Texinfo, karan ɗori biyu a cikin zance na yau da kullum ana mayar da su dogon kara, kamar yadda ake yi a ɗab'in littattafai, sai fa in an kewaye kalmar da alamar da ke nuna cewa umarni ce. Wanda ya rubuta layin ya rubuta shi daidai, alamar ce kawai ya manta. Aka sa @option a gaban kalmar, aka sake fitar da shafin, karan ɗori biyun suka dawo.

Na biyu shi ne rashin layi biyu. Takardar GCC kanta tana jaddada cewa a yi ginin a wata folda dabam, ba a cikin wadda tushen rubutun yake ba, amma wannan takarda ta wuce kai tsaye daga kwance ƙunshi zuwa kiran configure, ba ta ce a buɗe sabuwar folda a shiga ba. Wannan bai ɗauke mu minti biyu ba.

Na uku ne ya sa dattijon ya cire tabarau ya goge. GCC ba ta ginuwa sai da laburare uku na lissafi, wato tarin shirye-shiryen da aka riga aka rubuta, GMP da MPFR da MPC, waɗanda take amfani da su wajen ƙididdige lambobi da cikakkiyar daidaito tun lokacin fassara. Takardar ta ce a girka gmp da mpfr da mpc, ta tsaya a nan. Amma a Debian da 'yar'uwarta Ubuntu sunayen ƙunshin da ake bukata su ne libgmp-dev da libmpfr-dev da libmpc-dev, a Fedora kuma, wadda ita ma nau'in Linux ce, gmp-devel da mpfr-devel da libmpc-devel. Biyu na farko, in an nema a Debian da sunan da takardar ta bayar, kwamfuta za ta ce ba ta san su ba, mutum ya gane akwai gyara. Na ukun shi ne tarkon, domin a Debian akwai ƙunshi mai suna mpc sak, sai dai ba laburaren lissafi ba ne, wata 'yar manhaja ce ta sarrafa kiɗa. Tana girkuwa lafiya lau, mutum ya ɗauka ya cika sharaɗi, sannan configure ya ce masa babu MPC. Ƙanena ya cire ta ya mayar har sau uku, yana tsammanin saukowar ce ta lalace saboda raunin intanet. Muka rubuta sunayen daidai na gidajen biyu, muka kuma ƙara ambaton cewa a cikin tushen GCC akwai rubutun contrib/download_prerequisites mai sauko da laburaren da kansa, tare da gargaɗin cewa daga babbar foldar tushen ake kiransa. Wani saurayi da ke zaune kusa da mu yana cajin waya, wanda kwamfutarsa ke ɗauke da Fedora, ya yarda ya gwada mana sunayen ɓangarensu, ya tabbatar, ya koma harkarsa.

Na huɗu ya shafi laburaren tsohon tsari mai bit 32, wanda GCC take neman ginawa tare da na bit 64 a kan irin kwamfutocinmu in ba a hana ta ba, alhali yawancin sababbin girke-girke ba sa zuwa da kayansa. Jimla ɗaya da ke ambaton --disable-multilib, zaɓin da ke hana ta neman gina shi, ta wadatar.

Sai na biyar, wanda ya cinye wa ƙanena dare uku. A layin configure an rubuta --enable-language, alhali daidai shi ne --enable-languages, da harafin s a ƙarshe. Da a ce shirin yana ƙin abin da bai sani ba, da kuskuren bai kwana ba. Amma configure na saman GCC yana miƙa zaɓuɓɓukansa ga ƙananan shirye-shirye masu yawa da ke ƙarƙashinsa, saboda haka ba ya ƙorafi a kan zaɓin da bai gane ba, yana ɗauka na wani ne a can ƙasa. Sai ya wuce shiru, ya gina harsunan da ya saba ginawa idan ba a zaɓa masa ba, irin su C da C++ da Fortran, ya bar wanda aka zo dominsa. Ginin kuma ba ƙarami ba ne, domin GCC sau uku take gina kanta: kwampailan da ke kwamfutar ya gina ta karo na farko, wannan ta farkon ta gina ta biyu, ta biyun ta gina ta uku, sannan a gwada ta biyu da ta uku a ga ko sun zo daidai, wanda shi ne shaidar cewa tafintar ba ta ɓata fassarar kanta ba. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma a tsohuwar kwamfuta sa'o'i ne masu yawa, kuma a ƙarshensu babu saƙon kuskure ko ɗaya da mutum zai kama ya bincika. Dattijon ya nemi tarihin layin a cikin git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa rubutu, ya ga cewa harafin ya faɗi ne shekarun baya, lokacin da aka sake tsara sakin layin domin ya yi kyau a ido. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni sa'a nawa ginin yake ɗauka a wurin ƙanena. Da na faɗa masa, na kuma bayyana masa yadda wuta take zuwa ta tafi, sai ya ce yana tunanin mutum nawa ne suka kai wannan wuri suka rufe kwamfuta ba su rubuto ba. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun Disamba, domin wanda ya gaza a ƙofa ba ya shiga lissafin masu amfani da manhaja, ba ya kuma shiga lissafin masu ƙorafi, kuma mafi yawan lokuta kansa yake zargi.

A kan na shida ni ne na yi kuskure, kuma ina ganin ya dace in faɗe shi yadda ya faru. Takardar ta ce a sauko da GCC 12, alhali GCC 13 ta fito tun watan Afrilun 2023, sai na ɗauka an manta ne ba a sabunta lambar ba, har na riga na rubuta gyaran. Dattijon ya girgiza kai ya ce in da ya karɓi wannan, da mun haƙa rami mafi zurfi fiye da duk waɗanda muka cike. Cikin GCC yana sauyawa daga babban fitarwa zuwa na gaba, kuma babu alƙawarin cewa hanyoyin da sashen gaba yake bi ya yi magana da sashen baya za su zauna yadda suke. Harsunan da ke cikin gidan GCC ana gyara su tare da kowane sauyi, amma wanda yake waje sai mai shi ya bi ya daidaita shi da hannu, shi kuwa bai gama wannan aiki ba tukuna. Lambar daidai take. Abin da ya rasa shi ne dalili, kuma duk mai karatu mai ƙwazo zai iya yin tunanin da na yi ya ɗauko sabuwar. Muka bar lambar, muka ƙara jimla guda da ke cewa wannan fitarwa ce kaɗai aka gwada, sabuwa ba za ta ginu ba.

Mun yi 'yar jayayya a kan yadda za a shigar da gyaran. Masu sana'ar suna kiran irin wannan gyara faci, kalmar da muka sani a wurin mai gyaran taya, kuma ma'anar ɗaya ce: ba a sake tayar, wurin hujin kawai ake rufewa. Ni na so a haɗa duka a faci ɗaya, in kuma ƙara dogon sakin layi a kan tsawon lokacin gini da yawan wurin da yake ci a faifai da abin da mutum zai yi in wuta ta yanke. Shi kuma ya nace cewa kowane gyara ya tafi shi kaɗai da bayaninsa, domin in wani ya zo bayan shekara biyar yana neman dalilin sauya wani layi ya same shi a fili, in kuma ɗaya ya zama kuskure a janye shi ba tare da an taɓa sauran ba. A wannan na ba shi gaskiya, tun da na ga da idona yadda tarihin ya nuna mana ranar da harafin ya faɗi. A kan dogon bayanin kuwa ya ce takardar girkawa in ta yi tsawo ba a karanta ta, tsallake ta ake yi. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, har yanzu ma ina ganin wanda ke da wuta dare da rana ba ya jin nauyin sa'a shida yadda wanda ke lissafin batiri yake ji. Muka tsaya a tsakiya: jimla biyu, ɗaya tana cewa ginin yana iya ɗaukar sa'o'i da gigabayit da dama, ɗayar tana cewa in ya katse ana iya sake kiran make, umarnin da ke gudanar da ginin, ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma mai gaggawa zai iya amfani da --disable-bootstrap ya yi gini ɗaya maimakon uku. Na rubuta faci shida a nan zaune, ya karanta kowanne, ya gyara mini kalma biyu, ya ce in sa sunan ƙanena a matsayin wanda ya kawo rahoto.

Bai shigar da su nan take ba. Ya goge akwatin gwajin, ya buɗe sabo, ya ba ni kwamfutar ya ce in bi sabuwar takardar daga farko, da cikakken gini mai hawa uku, ba tare da na ƙara ko na rage ba. Na kwafo layukan ɗaya bayan ɗaya, configure ya wuce, rubutu ya fara gudu a allo, fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara. Ya rufe ta rabi ya sa a jaka tana aiki, muka fita neman abinci. Ana yayyafi, layin masu sayar da soyayyen dankali ya yi tsawo, muka tsaya a ciki yana ba ni labarin yadda ya fara harshen domin wata bukata ta wurin aikinsa, bai taɓa zaton wani zai neme shi daga Afirka ta Yamma ba. Bayan la'asar, da na dawo daga wani lungu mai shiru inda na yi salla, na same shi a inda muka rabu, ya juyo mini da allon. Ginin ya ƙare, gwajin hawa na biyu da na uku ya zo daidai, kuma kwampailan harshen yana zaune a cikin foldar da aka ce masa. Ya rubuta ɗan shiri mai layi uku, ya fassara shi, ya kira shi, ya amsa. A gabana ya tura facin shida.

Ranar Lahadi na shiga jawabai biyu a kan kayan gini da na gwaji, na zaga teburan ƙungiyoyi, amma hankalina yana kan waya. A lokacin hunturu agogon Beljiyam da na Najeriya ɗaya ne, saboda haka na san daidai lokacin da ƙanena ya fara, domin tun daren Asabar na aika masa cewa ya share komai ya bi sabon shafin, kada ya tambaye ni komai. Ya kai kwamfutar shagon wani abokinsa mai sola ya bar ta a can tun safe.

Saƙonsa ya shigo ina cikin jirgin komawa, muna dab da Liège, fitilun tashar suna haskaka farin rufin. Ya turo hoton allo, ginin ya kammala, make install ya wuce. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, ya ginu. Amma da na kira sunansa sai aka ce ba a san umarnin ba, sai da na gano cewa dole in ƙara foldar a cikin PATH. Takardar ba ta faɗa ba." PATH shi ne jerin foldojin da kwamfuta ke dubawa idan an kira umarni da sunansa kawai. Na koma na duba, gaskiyarsa ce. Ni da dattijon mun kira kwampailan ne da cikakken adireshinsa, hannunmu ya sake riga idonmu, babu kuma wanda ya tsayar da mu. Na buɗe littafin a kan gwiwata na rubuta lamba bakwai, sannan na aika masa da adireshin ma'ajiyar da sunan fayil ɗin da misalin yadda na rubuta bayanin facina, na ce wannan shi zai rubuta da hannunsa ya aika. Kafin jirgin ya tsaya a Aachen ya turo mini jimlar da ya tsara, yana tambaya ko ya kewaye kalmar PATH da alamar umarni ko ya bar ta haka.